Layin Da Jolene Ba Ta Taɓa Tsallakewa Ba

Brekke, Iowa
Oktoba, 1985

Baban Jolene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya ciwon bayan? Na san halinka, ko karyewa ya yi za ka ce da sauƙi, ka ci gaba da jan tirelarka. Mu nan ƙalau, an gama girbin masara.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Ka tuna tutocin makarantu takwas na rukunin gasarmu da ke rataye a zauren wasa? Saura biyar. Makarantar Odell Grove ma ta fice, ta koma rukunin da 'yan mata ke ƙwallon kwando biyar-biyar irin ta maza. Mu kuwa tun kakanni shida-shida muka sani: uku na jefawa, uku na tsaro, ba mai tsallake layin tsakiya. Tun Jolene na ƙarama Koci Hovland ya ajiye ta a tsaro, kai kuma ka cika shagon aski da taƙamar ba mai ƙwace ƙwallo kamar 'yarka. Ba ka yi ƙarya ba. Amma ba ta taɓa jefawa a kwando cikin wasa ba, kuma kwalejoji biyar-biyar suke yi. In ba tallafin karatun da kwaleji ke ba 'yan wasa ta samu ba, ka san karatunta ya ƙare. Na faɗa wa Hovland, ya ce in kwantar da hankalina. Hankalin ya ƙi kwanciya.

Taka kullum,
Arlene

Nuwamba

Baban Jolene,

Ina gaishe ka. Ya hanya, ya sanyi?

Abin da nake tsoro ya zo. Shugabannin makarantu sun zauna sun rushe rukunin, aka haɗa mu da su Odell Grove, mu ma mun koma biyar-biyar. Hovland da ke cewa sai dai a kan gawarsa, shi ya riƙe tsani aka sauke tutocin. Jolene tana ta jifa a kwandon da ke jikin rumbunmu har yatsunta sun tsage, ba laifi, tana ci jefi-jefi. Wata mata daga kwaleji za ta zo kallon wasanmu na farko.

Matarka,
Arlene

Disamba

Baban Jolene,

Gaisuwa da kewa. Ina fatan wasiƙar nan ta same ka a zaune.

An yi wasan, mu da Odell Grove. Zaure ya cika maƙil, matar kwalejin tana can sama. Ana dab da tashi, Odell Grove na gabanmu da maki ɗaya, sai Jolene ta fizge ƙwallo kamar yadda ta saba. Ta sheƙa, ba kowa tsakaninta da kwando. Tana isa layin tsakiya ta tsaya cak, tana neman wadda za ta miƙa wa. Duk muka miƙe muna ihun ta wuce. Kafin ta farga sun cim mata, aka busa tashi. Sabo turken wawa, sai dai mu muka kafa mata turken.

Matar ba ta tsaya gaisawa ba. A mota na yi ta surutun banza, har muka shigo gida, sai Jolene ta dube ni. Ta ce, "Mama, kaina ya sani. Ƙafafuna ne suka ƙi."

Ba ta yi kuka ba, shi ya fi tsorata ni. Jiya na ji tana tambayar maƙwabciyarmu ko mayankar aladu tana ɗaukar 'yan mata aiki. Ka bar dakon kayan nan ka zo gida, Duane mijina.

Ina jiranka,
Arlene