Ƙafar Hagu da Ranar Tashi

Kafanchan,
4 ga Maris, 1974.

Zuwa ga ɗan'uwana Fasto Meshak, a Nok.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da Mama Lucy da dukan ikilisiya.

Ka gafarta mini, na riga na yi makokinka. A makon jiya wata mai sayar da citta ta ce Meshak na Nok ya rasu. Ranar ban iya haɗiye tuwo ba. Sai da direban motar kasuwa ya zo ya ce ai wani Meshak ne, mai gyaran keke, kai kuwa ya baro ka kana faɗa da awaki a bakin gona. Allah ya ta'azantar da iyalin mai keke, amma ni dai na yi dariya har da hawaye. Cikin dukanmu da muka zauna a gindin ɗorawa muna koyon karatu wurin 'yan mishan, ni da kai muka rage. Tun da matata Angelina ta huta, 'yata Afiniki kuma tana gidan mijinta a Kachia, ba ni da wanda zan yi wa irin tambayar da zan yi maka.

Gyambon nan na ƙafata ta hagu ya ƙi magani. Yatsun sun yi baƙi. Afiniki ta zo ta kai ni asibiti. Likita ya ce in gode wa Allah, ciwon bai haura gwiwa ba. Idan aka yanke ƙafar a ƙasa da gwiwa, zan rayu. Idan aka bar ta har damina ta kankama, za ta tafi da ni. Na yi masa godiya, na sa hulata, na dawo gida.

Ba wuƙarsa nake tsoro ba. Kowace Lahadi muna miƙewa mu shaida bangaskiyarmu, mu ce mun gaskata da tashin jiki. Ka tuna yadda malaminmu na ajin baftisma yakan bugi ƙirjinsa ya ce, wannan jikin, ba wani ba. To idan aka binne ƙafata a bayan asibiti, ni kuma aka binne ni a bayan gidana, ranar da aka busa ƙaho yaya za a yi? In tashi da dungu, in tsaya gaban kursiyi da ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin rafi?

Na tambayi fastonmu na nan. Sa'an Afiniki ne. Ya ce in yi addu'a. Na yi. Ƙafar tana nan tana wari.

Ka amsa mini kamar yadda za ka amsa wa mai koyo, kada ka ji nauyin furfurata.

Ni ne ɗan'uwanka cikin Ubangiji,
Silvanus Kumai.

Nok,
12 ga Maris, 1974.

Silvanus, tsoho mai taurin kai,

Alheri da salama su tabbata a gare ka. Lucy tana gaishe ka. Ta ce ta gode da makokin, amma ka ajiye hawayen, za a neme su nan gaba.

Ban mutu ba. Kai ne za ka riga ni idan ka ci gaba da wannan wauta.

Ka ce in amsa maka kamar mai koyo, to buɗe kunnenka. Tashin jiki muke cewa. Ba mu taɓa cewa tashin gawa ba. Kai tun muna yara ka haɗa su wuri ɗaya, don a baya kake zama kana kallon 'yan mata masu zuwa rafi. Da gawa ce za ta tashi yadda aka kwantar da ita, da ranar ƙarshe ta zama ranar wahala ga duk mai hanci. Ina kakanninmu da gara ta gama da su? Ina samarinmu da suka tafi yaƙin basasa ba a dawo mana da ko maɓallin rigarsu ba? Su ba za su tashi ba ke nan?

Ka ƙare ƙuruciyarka kana bin layin dogo a ƙasa kana duba ƙusoshi, har ka manta gona. Yanzu haka da nake rubutu, Lucy tana zaune a inuwa tana ware irin citta da za mu dasa in ruwa ya sauka. Ba mai binne hannun citta ɗungum. Ɓalla shi ake yi. Guntu mai ido ɗaya ake sawa a ƙasa, a rufe da ganye. Da kaka a tono hannu cikakke da yatsunsa. Citta ce aka binne, citta ce ta fito, ba rogo ba. Malaminmu bai yi ƙarya ba, wannan jikin ne. Amma ba a yadda ya shiga ƙasa ba.

Ka koma wurin likita.

Naka,
Meshak.

Kafanchan,
21 ga Maris, 1974.

Zuwa ga ɗan'uwana Fasto Meshak.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta zo, ta kuma faranta mini rai. Rabona da a zage ni haka tun Angelina tana da rai.

Na karanta wa maƙwabcina Malam Yakubu tela, wanda ke aiko mini da koko kowace safiya. Ya ajiye almakashi ya ce, “Malam Silba, ashe ku ma kuna irin wannan gardama a cocinku? Wanda ya yi ka daga babu, ƙafa ce za ta gagare shi?” Na ce masa, “Yakubu, ɗinka rigarka, wannan maganar manya ce.” Ya ce, “To babba, kawar da ƙafar daga ƙofar shagona, tana kore mini masu ɗinki.”

Maganar jiki da gawa ta shige ni, na yarda na haɗa su. Amma ni ba citta ba ne, Meshak. Ga abin da ya tsaya mini a wuya. Ubangijinmu da kansa, da ya tashi a rana ta uku, ya tashi da gurbin ƙusa a hannuwansa da rauni a haƙarƙarinsa, har ya nuna wa almajirinsa mai shakka. Shi ne nunan fari na masu tashi daga matattu, haka kake wa'azi kowace Ista. Idan shi ya tashi da abin da aka yi masa, wane ne Silvanus da zai tashi sumul?

Akwai kuma wani abu. Ina yaro na ga dattawan ƙauyenmu sun hana a binne wani maharbi sai da aka shiga daji neman hannunsa da damisa ta cire. Sun ce wanda ya tafi a ragge, a ragge zai dawo. Na san mun bar waɗannan a bakin rafi ranar da aka yi mana baftisma. Amma wani abin yakan biyo mutum gida bai sani ba.

Zan jira amsarka. Ciwon bai ƙaru sosai ba.

Ɗan'uwanka,
Silvanus Kumai.

Kafanchan,
2 ga Afrilu, 1974.

Baba Fasto,

Ina gaishe ku da girmamawa, ku da Mama. Ni ce Afiniki, 'yar Baba Silvanus. Ku yi haƙuri da rubutuna, a gurguje nake yi.

Idan Baba ya rubuta muku cewa ciwon bai ƙaru ba, ba gaskiya ba ne. Zazzaɓi yana kama shi, baƙin ya kusa idon sawu. Na bar yara da maigidana Martins, na dawo nan.

Baba Fasto, ba maganar koyarwa ce kaɗai ba. Jiya da rana na dawo daga kasuwa ban same shi a ɗaki ba. Ya ja jiki da sanda har bayan gida, yana zaune a gefen kabarin Mama yana magana. Na ce, “Baba, da wa kake hira?” Ya ce, “Da uwarki, ko an hana?” Na ce, “Me ta ce game da asibiti?” Sai ya ce, “Ke ba ki san ni ba lokacin da nake mutum. Uwarki ta ƙi malamin makaranta, ta ƙi ɗan sarki, ta ce ni take so saboda yadda nake taka ƙasa. Ranar bikinmu sai da masu ganga suka gaji suka bar ni a fili. Da ƙafa biyu ta san ni. In je mata da rabi?”

Na ce, “To mu fa? Jikokinka fa?” Ya ce gara ya tafi yanzu a cike da ya daɗe ya tafi a ragge.

Na yi kuka, na yi faɗa, bai ji ba. Ku ne abokin ango a bikinsu. Ku kun san Mama tun tana budurwa. Don Allah ku yi masa magana.

'Yarku,
Afiniki Martins.

Nok,
5 ga Afrilu, 1974.

Silvanus,

Salama. Na ba wani mai babur wannan wasiƙa don ta riga ni. Ina biye da ita a motar ranar kasuwa, ka sa a share mini tabarma.

Da farko raunukan Ubangiji. Gaskiya ne, ya tashi da su. Amma ka manta cewa da yammacin ranar da ya tashi ya yi doguwar tafiya a ƙasa tare da mutum biyu har wani ƙauye, da ƙafafun nan da aka huda, ba wanda ya ce ya ga yana ɗingishi. Ya riƙe tabon don mu gane shi ne, mu kuma san abin da ya biya. Tabon ya rage, ciwon bai rage ba. Kai gyambonka wa ya fansa, da za a ajiye maka shi har abada?

Yanzu maganar da ka ɓoye mini. Kada ka yi wa Afiniki faɗa.

Ina wurin ranar da aka sa Angelina a ƙasa. Ni na yi addu'a. Na ga yadda ciwo ya mai da ita. Idanunta biyu sun rufe da yana, haƙoranta sun zube, Afiniki ita kaɗai take ɗaga ta kamar jaririya. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, idan ka zauna a gefen kabarinta kana hira, wace Angelina kake jira ta tashi? Makauniyar nan marar haƙori, ko wadda ta ƙi ɗan sarki?

Na san amsarka. Ba ka taɓa shakka ko sau ɗaya ba cewa ita za ta tashi da idanunta garau. To wane irin Allah ne wannan naka, mai mayar wa mata ido, ya hana mijinta ƙafa? Abin da ka gaskata mata, ka gaskata wa kanka. Bangaskiya ɗaya ce, ba a yi ta mata daban ta maza daban ba.

Kuma Angelinar da na sani, idan ka isa wurinta kafin lokacinka, ka bar 'yarta tana kuka, ba ƙafafunka za ta duba ba. Kunnenka za ta kama.

Sai na zo.
Meshak.

Asibiti,
6 ga Mayu, 1974.

Ɗan'uwana Meshak,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan ka isa gida lafiya. Ka gode wa Mama Lucy da ta ba ni aron ka.

Zazzaɓi ya tafi. Ina cin abinci har nas tana cewa in bar wa sauran marasa lafiya. Likita ya ce wurin da aka yanke ƙafar yana warkewa da kyau. In an sallame ni, Kachia zan tafi wurin Afiniki, Martins ya riga ya gyara mini ɗaki kusa da na yara.

Akwai abin da ban gaya maka ba kafin ka koma. Na roƙi Martins a ɓoye ya karɓi ƙafar ya binne ta a gefen Angelina. Da ya je tambaya, an riga an binne ta inda suke binne irinta, wanda ya haƙa ramin kuma ya tafi hutu garinsu. Martins ya sha wuya kafin ya iya faɗa mini, yana ta murza hularsa. Na kwanta ina jira raina ya ɓaci. Bai ɓaci ba. Barci ma ya ɗauke ni, irin wanda ban yi ba tun bara. Wanda zai neme ta ya san inda take.

Abu ɗaya ke damuna. Babban yatsan nan da babu shi yana yi mini ƙaiƙayi dare da rana. In kai hannu, sai in sosa katifa. Likita ya ce haka yake ga kowa, zai daina. Na ce masa kada ya yi gaggawar ba ni magani, jikina ne bai yarda an rabu har abada ba.

Kai da ka san komai, Fasto, rubuto mini yadda ake sosa ƙafar da ta riga mai ita kwanciya.

Ni ne ɗan'uwanka mai rai,
Silvanus Kumai.