Goron Baba

Laraba da dare, Sha'aban, 1965

Baba ya sake tofar da jini bayan Magariba. Ni na wanke kaskon.

Wata biyu ke nan rabonsa da masaƙar Bompai, yana ta shan ƙananan fararen ƙwayoyin da wani Ba'indiye mai ba da magani a wurin aikinsu ya ba shi. Wai daga ƙwayar cutar tarin fuka aka haɗa su, aka yi ta surkawa da ruwa, wai ita za ta kori 'yar'uwarta. Ya ce ciwon ma wani dafi ne da ke kwance a jininmu tun kakanni.

Na yi ta maza na ce, "Inna, ko a kai Baba asibiti?"

Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Ba mutumin ya ce sai ciwo ya tashi kafin ya fita ba? Da babanku zai bar goron nan da aka hana shi, da tuni ya miƙe."

Na sunkuyar da kai. Ni ce nake sayo masa goron a ɓoye, don shi kaɗai ke sa shi murmushi.

Na buɗe littafin soyayyar da na aro, na kasa wuce shafi ɗaya. A can likita yana isowa a kan lokaci.

Gobe zan ce wa Baba ban samu goro ba. In jinin bai tsaya ba, Inna ba ta da sauran abin ɗora wa laifi, sai asibiti. Allah dai ya sa Baba ya kai ranar.