Akun Gidan Kawu Ya San Sunanka

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata, Mijinyawana. Sallama daga Rumuokoro, daga wadda saura wata biyu ta zama amaryarka, in Allah ya yarda, in kuma kai ma ka yarda.

Ka tuna ranar da na zo Anacha, ka baro albasarka a Kasuwar Ose ka kai ni bakin kogin Kwara? Ka sa na rufe ido, wai in faɗa maka abin da nake ji. Na faɗi injin kwale-kwale, na faɗi kwaɗi a cikin ciyawa, har da wani tsuntsu da ke kuka can tsallaken ruwa. Ka yi ta dariya, ka ce kunnen zomo gare ni. Gado ne ai. Babana makiyayin awaki ne, shi ya nuna min yadda akuya ke tsintar kukan ɗanta a cikin garke guda. Haka nake tsintar muryarka ko a tsakiyar hayaniyar tasha. Wayyo, da na san kunnen nan zai zame min ciwo!

Ranar Laraba ka turo min saƙon murya, ka ce kana rumfarka a Ose, ciniki ne ya hana ka kira. Don daɗin muryarka na yi ta maimaita shi, ya rabin raina. A na biyar ne na kasa kunne ga abin da ke bayan muryarka. Ina ihun 'yan dako? Ina matan Ibo masu tayin tattasai? Ina hon ɗin okada? Bayanka tsit, kamar cikin ɗaki. Sai fito mai hawa uku, sai wata shaƙaƙƙiyar murya ta kira sunanka, ta yi maka sannu da zuwa.

Mijinyawa, ni na koyar da fiton nan! Akun gidan kawuna ne na Inugu, bayan Kasuwar Artisan, wanda 'yarsa Rabi ke ba gyaɗa. Shekara guda na zauna a gidan. Wata uku cur ina tsaye gaban kejinsa safe da yamma kafin ya iya cewa Baiwa. Kai kuwa ka rantse min sau ɗaya ka taɓa taka gidan, ranar baikonmu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ina kishi, ba zan ɓoye ba. Kwana huɗu ke nan ina riƙe da maganar ni kaɗai. Ban kira Rabi ba, ban gaya wa Mama ba, telan ma ban ce ya dakata da ɗinkin biki ba. Na ba ka uzuri har ya ƙare: ko Kawu ne ke kiranka, ko wani Mijinyawan ne daban? To me zai sa ka ce kana Anacha?

Don girman Allah, ya farin watana, ka zo ranar Juma'a. Kada ka turo murya, na gaji da ji, gani ya kori ji. Ka zauna gaban Babana ka dube ni. In da gaskiyarka, ni mai durƙusawa ce in nemi gafara. Tambayata ɗaya ce: aku ba ya ƙago magana, abin da ya saba ji yake faɗa. Sau nawa aka yi maka sannu da zuwa a gidan Kawu kafin tsuntsu ya haddace sunanka?

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da kunnena zai daina ji,
Baiwa