Tifarku Ta Taka Mahaifina A Mararraba

Zuwa ga Alhaji, mai tifofin da ke jigilar tsakuwa zuwa aikin dam na Bakolori.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikata. Ranka ya daɗe, sunana Garba, ina sayar da albasa a mararrabar Talata Mafara, inda hanyar dam ta haɗu da titin Sakkwato zuwa Gusau. Na yi ta zarya ofishinka mai gadi yana korata, shi ya sa na rubuta a fili.

Na farko. Mahaifina, Malam Mamman, manomi ne a ƙasar Maradun. Da ruwan dam ya cinye gonarmu sai ya dawo wurina, yana taya ni tsaron kaya. Kunnensa ya yi nauyi. Ranar kasuwa, bayan azahar, ya ɗauko kwandon albasa zai tsallaka, tifarka ta shawo kwana a guje ta bi ta kansa. Direban ya leƙo, ya gani, ya ƙara wuta.

Na biyu. Muna tattara shi cikin tabarma sai ga shugaban direbobinka. Bai yi sallama ba. Ya ce mu janye gawa gefe, motoci sun yi layi tun daga gidan mai, Turawan aikin dam na jiran tsakuwa. Na ce masa ubana ne. Ya ce, "To ai tsoho ne, ya ci zamaninsa." Ranka ya daɗe, ko jinin ba mu kai ga rufewa da ƙasa ba tayoyinku sunka shafe shi.

Na uku. Ran addu'ar uku an aiko mana buhun shinkafa da sunanka. Wanda ya kawo bai sauko daga mota ba. Inna ta ce a mayar, ba ta dafa abin da za ta ci tana jin ƙarar ƙashin mijinta. Buhun yana nan a zaure, ɓeraye na ci.

Direban nan har yau yana bin hanyar. In ya iso gaban rumfata sai ya danna oda, yaran mota na dariya.

Abin da nike roƙo: ka raba shi da mota, ka sa mai tuta a mararrabar nan, domin mata masu fura da makiyaya na tsallakawa kullum. Sannan ka taho da ƙafarka ka yi wa Inna ta'aziyya. Tabarma muke da ita, ba za ta ɓata maka babbar riga ba.

Allah ya ƙara maka arziki, ya ja kwananka har ka tsufa, kunnenka ya yi nauyi. Ranar da za ka tsallaka titi, Allah ya haɗa ka da direban da ya san birki.

Wassalam.

Garba ɗan Mamman,
Mararrabar Talata Mafara.