Ɗakin da Na Gyara wa Inna

Yaya Kaltuma,

Bayan gaisuwa, yaya tarin Inna? Ni lafiya lau nake a Gaya.

Gidan da na saya da rani, ashe sabon shafe ya ruɗe ni. Mu mutanen Tanut, wa ya koya mana duba gindin bango? Damina na sauka danshi ya taso, fumfuna ta cinye ɗakin da na gyara wa Inna. Kullum ina gogewa tana dawowa. Ba komai, ita kaɗai ke ziyartata.

Kada ki kawo Inna bana, ƙirjinta ba zai jure ba. Ki ce mata ana gyara ne. Tabarmar sallar da na saya mata tana nan a naɗe, na kasa shimfiɗawa.

Allah ya sada mu.

Ƙanenki,
Nazifi