Inna, Jikarki Za Ta Saka Ni a Jirgin Ruwa

Zuwa ga Innata, wadda ke kwance a Yawuri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan Jidda lafiya lau, sai zafi da kika sani. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, kuma na san mutane za su leƙa su karanta su yi ta dariya. Su yi ɗin. Ni dai da ke nake magana, don ƙara na kawo miki.

Takwararki Ummi, wadda kika bari tana 'yar sakandare, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Kanada, a wani gari na bakin teku can arewa. Ta aiko mana da gayyata ni da uwarta Rabi, na yi murna har da taka rawa a falo. Sai daga baya ta ce ta kama mana kujeru uku a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido. Wai za a kutsa da mu cikin teku na awa uku, mu kalli duwatsun ƙanƙara masu yawo a kan ruwa, da ƙaton kifin nan da Larabawa ke kira hut, wanda aka ce ya fi motar bas tsawo. Inna, kallo kawai fa za a je yi. Ba kamawa za a yi ba, balle a soya.

Kin san inda matsalar take. Ina ɗan shekara bakwai na bi 'ya'yan Sarkawa na shiga kwalekwale, ya kife da mu kusa da gaɓa, wata mai wanki ta fizgo ni ta wuyan riga. Kika murɗe min kunne a gaban jama'a kika ce, "Ban yarda ƙafarka ta sake taka jirgin ruwa ba." Shekara arba'in da bakwai ke nan ina riƙe da wannan magana.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne aikina. Shekara ashirin da biyu ina tashar jiragen ruwa ta Jidda ina duba kwantena. Jirgi na yin ƙugi daga nesa zan faɗa maka irinsa da abin da ya ɗauko. Saboda haka Hausawan unguwarmu ta Bani Malik suka laƙaba min Kyaftin, ni kuwa na amsa ba kunya, har farar hula na saya. A majalisa idan aka zo zancen teku ni ake juyowa a kalla. Ba wanda ya san iyakata bakin siminti. Idan aiki ya kama a hau jirgi, sai in dafe ƙirji in ce mahaifiyata ta hana, nan take kowa ya shiga sa min albarka.

To ga shi wadda ta ci sunanki ta ce in shiga. Kin san ban taɓa iya yi mata musu ba. Tun tana goyo nake ce mata Ummi, in ta ɓata rai sai in ji kamar ke na ɓata wa. Na gwada kawo mata uzurin da na saba, ta ce min, "Baba, shekara biyu ina tsara wannan tafiyar. So nake in ga fuskarka lokacin da kifin zai fito." Na ce Allah Ya kai mu.

Daga nan na sa rai ga kafilina, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, wanda sai da izininsa zan fita ƙasar. Mutumin nan, Inna, ko ranar da Rabi ta haihu sai da ya yi min ƙorafi kafin ya sake ni. Na je neman izinin fita da dawowa ina addu'a a zuci ya hana. Yana jin zancen kifi sai ya miƙe ya rungume ni, ya ce halas, wato an gama, ya sa hannu a take, har ya ce in ɗauko masa hoto. Iƙamata ma, takardar izinin zama a ƙasar, da nake zaton ta kusa ƙarewa, aka duba aka ga da sauranta. Ban taɓa jin haushin takarda mai kyau ba sai ranar.

Rabi kuwa, haifaffiyar Jidda, ba ta taɓa ganin sanyin da ya wuce na na'urar ɗaki ba, amma ita ce shugabar shiri. Ummi ta ce a sa kaya masu kauri, don ko da rana iskar tekun tana yanka fata. Rabi ta zagaye kasuwa ta dawo da wasu riguna masu ƙaton ciki, ta ce ba za ta yarda da su ba sai an gwada. Ina za a gwada rigar sanyi a garin da kwalta ke narkewa? Sai ta tuna da Alhaji Mahaman, mutumin Maraɗi, mai gadin ɗakin sanyi na kajin kanti a unguwar Kurayyat.

Ranar Asabar bayan la'asar muka je. Na sa wando biyu, riga uku, safa, da hular da ta rufe min kunne, na fito daga mota ina tafiya kamar buhun gero ya yi ƙafa. Kafin in kai ƙofa gumi ya jiƙa ni sharkaf. Mahaman ya ce dakor, wato ya yarda da Faransancinsu, minti goma kawai, ya rufe mu tare da kajin. Gumin nan ya daskare a jikina. Haƙorana suka shiga kaɗawa, Rabi kuwa tana zagaye tsakanin kwalaye tana cewa, "Yalla ya Kyaftin, maza ka motsa jiki, wallah aib, abin kunya ne!" A minti na huɗu na fara dukan ƙofa da hannu biyu. Mahaman ya buɗe yana share hawayen dariya, ya ce ko kajin sun fi ni haƙuri.

Labari ya bazu a unguwa, masu sallahu suka yi ta sallama. Kin san mutanenmu, ba a tafiya a dawo hannu rabbana. Wata maƙwabciya ta kawo kula ta ce a gutsuro mata dutsen ƙanƙarar, ta ji an ce ruwansa na maganin ciwon gwiwa. Wani dattijo ya ce in duba masa da kyau ko irin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa ne. Na ce masa Baba, ai matsalata ke nan, kada in duba shi ta ciki.

Da na ga kowace ƙofa ta rufe, sai na buga wa ƙanwarki Iya Delu waya. Nufina ta tsawata wa Ummi, ta ce maganar mamaci ba a taka ta. Na shirya murya mai ban tausayi na karanto mata komai. Inna, tsohuwar nan ta yi dariya har sai da ta yi tari.

Ta ce wace magana? Ta ce ina ɗan shekara goma sha biyu da bakinki kika janye hanin, kika ce in raka ki cin kasuwa a tsallaken kogi, na kwanta ina birgima wai cikina na ciwo. Mako na gaba ma haka. A na uku kika ƙyale ni. Kuma wai da 'yan'uwa suka fara yi min tsiya, kika tara su a ɗaki kika ce, "Ɗan nan tsoro yake ji. Ku bar shi ya laɓe da ni, kada wanda ya tona masa asiri."

Na tuna ciwon cikin sarai. Na tuna har da jiƙon da kika ba ni, alhali kin san lafiyata ƙalau.

Ashe duk shekarun nan kin sani. Na zo gida hutu ina cika baki a gabanki cewa har yau ban karya maganarki ba, ke kuma kina gyaɗa kai kina cewa Allah Ya yi albarka. Ba ki taɓa ko murmushin da zai kunyata ni ba. Na ajiye wayar na zauna a kan kujera na yi kuka, Inna, kuka sosai, ni da furfurata. Na yi kewarki fiye da ranar da muka kai ki.

Don haka ƙarar da na kawo ta juye kaina. Ki yafe min. Na ɗauki tsorona na rataya miki, na ci albarkar mutane da sunan biyayyar da ban yi ba. Rabi ba ta sani ba, Ummi ba ta sani ba, sai yanzu da za su karanta tare da kowa.

Ranar Talata za mu tashi. Na gaya wa Ummi ta nema min kujerar tsakiya da rigar hana nutsewa, biyu in ana bayarwa. Ban yi miki alkawarin buɗe ido ba tun daga farko, kuma ƙila in yi amai a gaban Turawa. Amma zan shiga da ƙafata. Ke kin rufa min asiri har kika koma ga Allah, ita kuma yarinyar nan ba ta roƙe ni komai ba sai in zauna kusa da ita awa uku. Ba zan ce mata cikina na ciwo ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Allah Ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa min, Ya yalwata makwancinki, Ya haɗa mu a Aljanna. Mu kuma Allah Ya kai mu lafiya, Ya sa kifin nan ya fito a ƙoshe.

Ɗanki na fari,
Lawal,
Bani Malik, Jidda.