Ƙwandalar Da Ban Goge Ba

Da sunan Allah mai rahama. Ni Hilmi ɗan Usta Sabir, wato gwani Sabir, mai goge tagulla a kasuwar Attarin ta Iskandariyya, nake rubuta wannan da hannuna ranar Talata da hantsi, kafin in tafi wankin ƙoda. Hankalina ɗaya yake, kuma ba wanda ya sa ni. Jikin ne ya gaji tun yana shekara talatin da huɗu. Marwan da Tahani, ku nake yi wa. Mahaifiyarku Sabah za ta ajiye takardar har ku isa fahimtarta. Ku yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na bar makaranta.

Na ɗaya. Rabon gado malamai sun san yadda ake yi, ba zan sa baki ba. Roƙona kawai, injin gogewa da bencin kakanku kada su bar gidan nan sai Marwan ya girma ya ce da bakinsa ba ya son sana'ar.

Na biyu. A cikin gwangwanin shayi, saman kabad, akwai ƙwandalar azurfa guda, ƙurush ashirin bugun zamanin sarauta, a liƙe cikin wani ɗan gidan roba mai garai-garai. Ita ce mafi tsadar abin da na bari. Za ku ga ta yi duhu, gefenta shuɗi-shuɗi. Kada a buɗe ta, kada a wanke ta. Sabah, na san hannunki idan salla ta matso, ko marfin tukunya ba ya tsira. Wannan dai ki ƙyale ta.

Ga dalili. Ƙwandalolin biyu ne. Kakata ta same su ranar aurenta, ta naɗe a takarda, ba ta taɓa kashewa ba. Da mahaifinmu ya rasu, ɗaya ta zo hannuna, ɗaya ta je hannun yayana, Baffanku Fikri. Kamar tagwaye suke, shekara ɗaya, duhu ɗaya.

Kusa da shagonmu akwai shagon Amm Girgis, tsohon da ke sayar da kuɗin dā. Shekara goma ina cin wake da burodi a bakin ƙofarsa ina kallo. Na lura bai taɓa riƙe ƙwandala ta fuska ba, sai ta baki, da yatsa biyu. Ranar da na kai hannu zan share masa wata da gefen rigata, ya buge min hannu.

"Ɗan Sabir, wannan hannun naka mai cin fatar ƙarfe, in ka shigo nan ka sa shi a aljihu. Shekara tamanin ana ɗinka mata rigar nan, kai za ka tuɓe ta a minti biyu?"

Shi ne da ya ga ƙwandalolinmu ya ce a aika su gidan tantancewa a ƙasar waje. Can akwai mutanen da ba sa saye, ba sa sayarwa. Aikinsu su duba, su tabbatar ta gaske ce, su ba ta maki daga ɗaya zuwa saba'in, su liƙe ta da lamba. Ya ce mu kawo ranar Asabar.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na iske Fikri a tsakar gida da lemon tsami da toka, yana raha.

"Kayan kakarmu za su je gaban Turawa da dauɗa? Su ce gidan Sabir ba a san wanka ba? Miƙo taka in haɗa, ƙaramin usta."

Na ce, "Bar ta, Yaya, zan yi daga baya."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba. Na san abin da lemon zai yi. Amma shi ya koya min riƙe burushi, kuma a gidanmu ƙane ba ya gaya wa wa yadda ake goge ƙarfe. Na ce a raina ƙila tsohon ne mai tsanani, ƙila can ba za su gane ba. Ya goge ta har na ga fuskata a ciki. Wallahi ta yi kyau. Da Amm Girgis ya gan ta ya dafe kai, amma Fikri ya dage a aika, ya ce tsufa ne ya hana shi ganin haske.

Bayan wata uku suka dawo. A kan tawa an rubuta sittin da shida. A kan ta Fikri babu maki, sai kalma ɗaya da tsohon ya fassara mana: an goge.

Har yau abin yana ba ni tsoro da mamaki. Mutanen nan ba su san mu ba, ba su san tsakar gidanmu ba, ba su ga lemon ba. Sun ɗaga ta ƙarƙashin fitila, sun juya, sun faɗi abin da hannu ya yi ranar Juma'a a wata ƙasa. Na roƙi Amm Girgis gilashinsa mai ƙara girman abu, na duba da kaina. Ta Fikri kamar gonar da aka yi wa huɗa, zane-zane sirara, sun fi gashi ƙanƙanta, duk sun bi hanyar da yatsansa ya bi. Tawa kuwa, da na karkata ta, sai haske ya taso daga ƙarƙashin duhun yana kewayawa kamar ƙafar keke. Hasken ranar da aka buga ta ne, tun kafin a haifi mahaifina, yana nan a kwance. Shekara ashirin ina goge ƙarfe ina zaton haske nake mayar masa. Ranar na gane fata nake cire masa. Na fita na zauna a bakin titi, na kasa komawa aiki. Na ce idan bayin Allah da fitila ɗaya suna ganin haka, ina ga ranar da za a ɗaga mu mu kanmu a juya.

Fikri ya sa tasa a gwanjo. Mun kalla a wayar Amm Girgis bayan la'asar. Akwai irinta uku a ranar. Ta Fikri aka fara, mutum biyu suka taya suka tsaya, kuɗin ya sayi firiji da ƙyar. Mai maki sittin da uku ta ninka ta sau da yawa. Da aka zo kan mai sittin da biyar, sai lambobi suka riƙa tsalle, daga garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, har ta kai kuɗin motar haya. Ba wanda ya taɓa ta da hannu cikinsu. Sun yarda da idon wasu baƙi da ɗan rubutu a jikin roba. Azurfar ɗaya ce, nauyin ɗaya ne. Tawa kuma ta fi wannan da maki guda.

Fikri ya juyo ya dube ni. "Ka sani, ko, Hilmi?" Na sunkuyar da kai. Shekara uku ke nan bai ci abinci a gidana ba. Yana zuwa asibiti ya tambayi likita lafiyata, ya tafi ba tare da ya shigo ɗakin ba. Ma'aikaciyar jinya ce take gaya min.

Na uku. Idan karatunku ya buƙaci kuɗi, a sayar da ita, amma a gwanjo, a liƙe yadda take. Kada a kai wa maƙerin azurfa, shi sikeli ya sani. Kada a ba wanda ya zo gida da ta'aziyya a baki da kuɗi a aljihu. A bi ta hannun Amm Girgis, in ba ya raye a nemi 'yarsa Mariz, ta gaji idonsa. Wani zai ce a fasa robar a sake aikawa, ƙila a sami sittin da bakwai. Kada ku yarda. Abin da aka ba mu ya ishe mu, kuma hannu ɗaya mai gumi ya isa ya ɓata komai.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sulusin kuɗin na Baffanku Fikri ne. Na so rabi, limamin unguwa ya ce sulusi ne iyakar abin da zan yi wasiyya da shi, sauran haƙƙinku ne. To idan kun mallaki hankalinku, kuka ga za ku cika masa daga naku, kun faranta min. Idan ba ku yi ba, ban riƙe ku ba. Zai ƙi karɓa, na san shi. Zai yi faɗa, ya ce shi ba mabaraci ba ne. Ku bar shi ya gama, sannan Marwan ya karanta masa wannan takarda tun daga farko. Ku ce masa ba sadaka ba ce. Shi ya yi kuskure don ƙaunar kakarmu, ni na yi shiru ina sane, kuma na kasa faɗa masa ido da ido.

Allah ya raya ku, ya ba ku ilimin da ban samu ba, ya saka wa mahaifiyarku da Aljanna a kan wahalar da ta sha da ni. Ku riƙe ta, ku riƙe juna, ku riƙe 'ya'yan Fikri kamar ciki ɗaya kuka fito. Duk Juma'a ku je gidansa ko bai kira ku ba, ku zauna ku ci abin da aka dafa. Kuma Tahani, ke ce ƙarama: ranar da kika ga yayanki zai yi ɓarna yana murna, ki buɗe baki ki faɗa masa, ko zai yi fushi da ke shekara guda.

Na bar ku a hannun Allah.

Mahaifinku,
Hilmi